Dutsen Rashid: Yadda Aka Koma Karanta Rubutun Fir'aunonin Masar

A wannan fitowa, shafin nazari ya leƙa ƙasar Masar. Yawancinmu mun taɓa ganin hoton bangon wani kabari ko ɗakin bauta na zamanin Fir'auna, cike da zanen tsuntsaye da macizai da idanu da ƙafafu da mutane a durƙushe. Waɗannan zane-zane rubutu ne, Turawa na kiransa hirogilif, kalmar Girkanci mai nufin sassaƙa mai tsarki. Misirawa sun yi fiye da shekara 3,000 suna aiki da shi. Rubutu na ƙarshe da aka sani da irinsa, wani malamin ɗakin bauta ne ya sassaƙa shi a tsibirin Fila, kusa da Aswan, a shekarar 394. Daga nan duniya ta yi sama da shekara 1,400 babu mutum ɗaya da zai iya karanta ko layi guda.

Ta yaya al'umma za ta manta da rubutunta alhali yana nan a jikin bango tana kallonsa kullum? A hankali abin ya faru. Girkawa sun ci Masar a shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa suka karɓe daga hannunsu, harshen Girkanci ya zama na fada da kotu. Tsohon rubutun ya koma hannun 'yan tsirarun malaman ɗakunan bauta. Da addinin Kirista ya bazu aka rufe ɗakunan, sai malaman suka ƙare ba magada. Harshen kansa bai mutu a lokacin ba. Kiristocin Masar, wato Ƙibɗawa, mutanen su Nana Mariyatul Ƙibɗiyya, sun ci gaba da magana da shi, amma da haruffan Girkanci suke rubuta shi, da ƙarin wasu 'yan haruffa nasu na gida. Bayan Amru ɗan Asi ya buɗe Masar wajen shekarar 641, Larabci ya riƙa maye gurbinsa a gida da kasuwa, har Ƙibɗanci ya rage sai a addu'o'in coci. Mu riƙe wannan magana ta Ƙibɗanci, don za mu dawo kanta.

Kafin mu ga wautar Misirawa, kowa ya tuna gafakar kakansa. Mu nawa ne a ajinmu za mu iya zaro wasiƙar ajami daga ciki mu karanta ta ba gargada?

Kuskuren da ya tare hanya

Tsawon waɗannan ƙarnoni ba a zauna an naɗe hannu ba. Matsalar ita ce kusan duk wanda ya gwada, da zato ɗaya yake farawa: tunda hotuna ne, kowane hoto wata hikima ce a dunƙule, aikin mai karatu shi ne ya yi tunani mai zurfi har ya gano ta. Ba wanda ya ɗauka cewa hoton mujiya zai iya zama harafi kurum, kamar yadda mim yake harafi.

Wani littafi da ake dangantawa da wani Bamisire mai suna Horapolo, na wajen ƙarni na 5, shi ya ƙara dasa wannan zato. An tsinci kwafinsa a wani tsibirin Girka a 1419, malaman Turai suka rungume shi. Littafin ya ce ana zana agwagwar ruwa idan ana nufin ɗa, wai don tana tsananin son 'ya'yanta, kuma ana zana zomo idan ana nufin buɗewa, wai don zomo ba ya rufe ido. Abin mamaki, ma'anonin daidai ne, dalilan ne na shaci-faɗi. A harshen Misirawa sunan agwagwar da kalmar ɗa furucinsu ɗaya ne, sa. Haka alamar zomo, sautinta wn ne, kalmar buɗewa ma wn ce.

Mu gwada da Hausa. A ce ba mu da haruffa, muna so mu rubuta "yaro yana kuka". Sai mu zana bishiyar kuka, tunda sunan ya yi kama. Baƙon da bai ji Hausa ba zai zauna ya ƙirƙiro dalili: wataƙila Hausawa na ganin bishiyar tana da baƙin ciki saboda ta kaɗe ganye da rani. Zai iya rubuta littafi guda a kan haka, kuma duk a banza, don amsar tana cikin furucin kalmar.

Malaman Musulmi ma sun taɓa. Ibn Wahshiyya, wanda ya rayu a Iraƙi wajen ƙarni na 10, ya tattara tsofaffin rubuce-rubuce a wani littafi, ya jera wasu alamomin Masar da abin da yake ganin suna nufi, har ya ba wasu sauti. Hanyar ba ta kai shi ga karanta jimla ba. A ƙarni na 17 kuma wani limamin Kirista Bajamushe a birnin Rum, Atanasiyus Kirsha, ya wallafa manyan littattafai na fassarar hirogilif. Inda aka rubuta sunan sarki kawai, shi sai ya fitar da doguwar jimla ta sirrin halitta. Duk da haka ya faɗi gaskiya guda mai tsada: Ƙibɗanci jikan harshen Fir'aunoni ne.

Tsintuwa a jikin katanga

A 1798 Napoliyon na Faransa ya shiga Masar da yaƙi. Ban da sojoji, ya taho da masana fiye da 150, suka kafa cibiyar nazari a Alƙahira. A watan Yuli na 1799, wasu sojojinsa suna gyaran wani tsohon sansani kusa da garin Rashid, inda reshen yamma na Kogin Nilu ke gangarawa teku, sai suka ci karo da wani dutse mai rubutu da magina na dā suka cusa a katanga kamar kowane dutsen gini. Turawa na kiran garin Rozeta, shi ya sa sunan dutsen a littattafansu ya zama Dutsen Rozeta. Hafsan da ke kula da aikin, Piyer Bushar, ya lura rubutu iri uku ne a jiki, ɗaya kuma Girkanci ne. Bai bari an mayar da shi cikin gini ba, aka aika da shi wurin masana.

Tsayin dutsen ya kai santimita 112, faɗinsa 76, kaurinsa 28, nauyinsa wajen kilo 760, wato ya ɗan fi buhun siminti goma sha biyar. Ɓallin wani dogon allon dutse ne, samansa ya karye ya ɓace har yau. A sama akwai layi 14 na hirogilif, babu cikakke ko ɗaya. A tsakiya layi 32 na dimotik, wato rubutun hannu na sauri da Misirawan wancan zamani ke yin wasiƙu da takardun ciniki da shi. A ƙasa layi 54 na Girkanci.

Masanan sun shafa wa fuskar dutsen tawada, suka danna takarda a kai suka ciri kwafi, aka aika Turai. Gara da suka yi haka, don dutsen bai daɗe a hannunsu ba. Ingila ta ci sojojin Faransa a Masar a 1801, yarjejeniyar saranda ta ce a miƙa kayan tarihin da aka tara. Janar Menu na Faransa ya yi ta gardama wai dutsen kayansa ne na kansa, ba a saurare shi ba. A 1802 aka kai shi gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan.

Me aka rubuta a kai?

Girkanci ba ya ba malaman Turai wahala, nan da nan aka karanta. Wanda ya sa ran jin sirrin dala ko labarin Annabi Musa (AS) zai sha kunya, don sanarwar hukuma ce. Malaman ɗakunan bauta sun yi taro a birnin Memfis a shekara ta 196 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka yanke shawarar girmama sarki Tolemi na Biyar, yaro ɗan kimanin shekara 13, jinin Girkawan da suka gaji mulkin Masar. Suka lissafa alheransa: ya yafe bashin haraji, ya saki fursunoni, ya yi wa ɗakunan bauta kyauta, ya murƙushe 'yan tawaye a wani gari bayan ya datse magudanan ruwan da ke kai musu. Saboda haka a kafa gunkinsa a kowane ɗakin bauta, a riƙa bikin ranar haihuwarsa. Duk mai karanta tsakanin layuka zai gane gadon sarautar na rawa ne, fada na neman goyon bayan malamai, malamai kuma na karɓar ladansu.

Jimlar ƙarshe ita ce ta sa masana tsalle. Ta yi umarni a sassaƙa wannan shawara a dutse mai ƙarfi da rubutu mai tsarki, da rubutun 'yan ƙasa, da na Girkawa. Ke nan magana ɗaya ce aka maimaita sau uku. Mu duba takardar naira dubu: ga adadin kuɗin da Turanci, ga shi da Hausar ajami. Wanda ya iya ɗaya zai iya lalubo ɗayan. Mutane suka ce ai an gama, nan da 'yan watanni za a karanta bangon Masar kaf. Sai da aka shekara 23.

Dalilan jinkirin suna da yawa. Sashen hirogilif ya fi kowanne lalacewa. Misirawa ba sa barin fili tsakanin kalmomi. Fassarar ba kalma da kalma ba ce. Kwafin da ke yawo a Turai ma wasu ba su fita sosai ba. Amma babban cikas shi ne tsohon zaton nan na cewa hoto hikima ce, ba sauti ba.

Waɗanda suka share fage

A 1802 wani malamin Larabci a Faris, Silbesta da Sasi, ya bi wata dabara mai sauƙi. Suna ba ya fassaruwa: Musa Musa ne a kowane harshe. Sai ya auna inda sunan sarki ya faɗo a Girkanci, ya nemi gungun alamomin da ke maimaituwa a daidai wurin a sashen dimotik. Ya gano sunaye kaɗan, ya gaji ya bari. Wani jami'in jakadancin Suwidin, Yohan Okablad, wanda ya san Ƙibɗanci, ya ɗora daga nan har ya fitar da sautin haruffa da dama. Shi kuma ya zarce, ya ɗauka dimotik duka haruffa ne zalla kamar abacada, sai ya maƙale.

Sai Tomas Yang na Ingila, likita kuma masanin kimiyya, wanda ɗaliban fiziks za su haɗu da sunansa a darasin haske. Ya fara aiki a kan dutsen a 1814. Ya lura cewa dimotik da hirogilif 'yan gida ɗaya ne, na farkon saurin hannu ne ya sauya masa kama. Sannan ya koma kan wani abu da aka daɗe ana zato: a cikin hirogilif akwai wasu alamomi da ake kewayewa da ƙawanya mai kama da igiyar da aka ɗaure bakinta, kuma ana jin sunayen sarakuna ne a ciki. Yang ya ce ƙawanyar da ke maimaituwa a dutsen sunan Tolemi ce, ya raba wa alamominta sauti, ya dace a wasu ya kuskure a wasu. Ya buga sakamakonsa a 1819. A nan ya tsaya, don a ganinsa sunayen baƙi kaɗai ake rubutawa da sauti, tunda ba yadda za a zana su. Sauran rubutun, in ji shi, alamomin ma'ana ne.

Shamfoliyon

An haifi Jan Faransuwa Shamfoliyon a garin Fijak na kudancin Faransa a 1790, yana ɗan shekara takwas aka tsinci dutsen. Wansa Jak Jozef ne ya ɗauki nauyin karatunsa, ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. Tun yana yaro ya shiga Latin da Girkanci da Ibrananci da Larabci. Yana da shekara 16 ya gabatar da maƙala gaban malaman birnin Girenobul yana cewa Ƙibɗanci shi ne harshen tsohuwar Masar. Da ya je Faris karatu, ya nemi wani limamin Ƙibɗawa da ke zaune a can, Yuhanna Shiftishi, ya riƙa zuwa wurinsa yana koyon yadda ake furta harshen. Ya gaya wa wansa a wasiƙa cewa har magana yake yi da kansa da Ƙibɗanci. Mutane na ganin ɓata lokaci ne a kan harshen da ko a Masar ba a cinikin albasa da shi.

Rayuwarsa ba ta tafi sumul ba. Siyasa ta sa ya rasa aikin koyarwa bayan faɗuwar Napoliyon, ga talauci ga rashin lafiya. Shi ma ya daɗe a kan tsohon zato. Abin da ya fara girgiza shi lissafi ne: ya ƙirga alamomin hirogilif da suka rage a dutsen ya sami 1,419, kalmomin Girkancin da ke daidai da su kuwa 486 ne. In kowace alama kalma ce guda, ina aka kai rarar?

A farkon 1822 kwafin wani rubutu ya iso hannunsa. Wani Bature ɗan Ingila, Wiliyam Bankis, ya kwaso wani dogon ginshiƙin dutse daga tsibirin Fila ya kai gidansa. Gindin ginshiƙin na da Girkanci mai ambaton wani sarki Tolemi da sarauniya Kiliyopatra, jikinsa kuma na da ƙawanya biyu. Ɗaya irin ta Dutsen Rashid ce. Bankis ya riga ya yi zaton ɗayar ta Kiliyopatra ce.

A nan muna roƙon mai karatu ya ɗauko biro, don sai an rubuta ake ganin daɗin abin. Girkawa na furta sunan sarkin da P a farko, Ptolemayos. A ƙawanyarsa akwai alama bakwai: ɗan murabba'i, rabin da'ira mai kama da curin burodi, igiya mai zarge, zaki a kwance, wata alama mai kama da ƙugiya a kwance, ganyen kara biyu, da ƙyalle a ninke. A jera su da P, T, O, L, M, Y, S. Yanzu a rubuta K, L, E, O, P, A, T, R, A a ƙasa. Idan alamomin sauti ne da gaske, dole zaki ya zo na biyu a sunan sarauniyar, igiya mai zarge ta zo ta huɗu, murabba'i ya zo na biyar. Shamfoliyon ya duba. Zaki na biyu, igiya ta huɗu, murabba'i na biyar. Harafin A ya zo sau biyu a sunan, a wurare biyun kuwa ga hoton ungulu. Wuri ɗaya ne ya ƙi: inda ake jiran curin burodi na T, sai ga tafin hannu. Bai yar da aikin ba saboda wannan. Ya ce sauti ɗaya na iya samun alama biyu, kamar yadda mai rubuta ajami kan sami sin da sadi duk suna ba shi S. Gaba ta nuna ya yi daidai.

Da haruffan da ya samu ya bi sauran ƙawanyoyi yana karanta sunayen sarakunan Girkawa da na Rumawa, kowane suna na ƙara masa sabon harafi. Sai dai har yanzu mai gardama na da abin faɗa, don duk sunayen baƙi ne, abin da Yang ya ce ke nan.

Ranar 14 ga Satumba, 1822

A wannan rana yana duba zane-zanen da wani mai tsara gine-gine, Jan Nikola Huyo, ya kwafo daga ɗakin bautar Abu Simbel, can kudu kusa da iyakar Sudan ta yau. Ginin ya girmi zuwan Girkawa da kusan shekara dubu. A wata ƙawanya ya ga da'irar rana, sai wata alama mai kama da fatu uku da aka ɗaure a sama suna reto, sai alamar S sau biyu. Ƙarshen dai ya san shi. Farkon fa? A Ƙibɗanci ana kiran rana re ko ra. Ra, wani abu, s, s. Wani sarki da tsofaffin marubutan Girkanci suka ambata ya faɗo masa a rai: Ramsis.

Zato ne, yana bukatar shaida. Sai ga wata ƙawanyar: jinjimi, tsuntsun nan mai dogon baki lanƙwasasshe, sai alamar fatu ukun, sai S. An san jinjimi alamar gunkinsu Tot ne. Tot, wani abu, s: Tutmosis, wani sarkin da ke cikin tsohon jerin sarakuna. Ya koma Dutsen Rashid ya nemi alamar fatun, ya same ta a daidai inda Girkanci ke maganar ranar haihuwar sarki. Haihuwa kuwa a Ƙibɗanci mise ce. Sunan ya karantu, ma'anarsa ma ta fito: Ra ne ya haife shi. Ashe tun zamanin Fir'aunoni na asali ana rubuta sauti, kuma harshen da ke ƙarƙashin hotunan shi ne kakan wanda ya koya wurin limamin coci.

Labarin da danginsa suka bayar ya ce ya fita a guje zuwa ofishin wansa, ya zube takardu a tebur ya ce, "Na kama shi!" sannan ya faɗi sumamme, ya yi kwanaki a kwance. Ranar 27 ga watan ya karanta bayaninsa gaban majalisar masana a Faris, Yang na zaune a cikin masu sauraro. A 1824 ya fitar da cikakken littafi.

An yi ta jayayya tsakanin Ingila da Faransa kan wanda ya cancanci yabo. A namu ganin, Shamfoliyon ya rage wa kansa daraja da ya ƙi faɗin iyakar abin da ya amfana da shi daga aikin Yang. Amma Yang sunaye ya tsinta, bai karanta jimla ba, kuma ba zai iya ba, don bai zurfafa a harshen ba. Hujjarmu tana Sudan. Tsohuwar daular Merowe, arewa da Khartum, tana da nata rubutun. Wani masani ɗan Birtaniya, Giriffit, ya gano sautin alamominta 23 wajen 1911. Yau ana iya furta abin da aka rubuta, amma mafi yawansa ba a san me yake nufi ba, don ba a sami wani harshe sananne na kusa da zai yi masa abin da Ƙibɗanci ya yi wa hirogilif ba.

Yadda rubutun yake aiki

Abin da ya rikita mutane shi ne rubutun gauraye ne. Wata alamar tana nufin abin da aka zana, da'irar rana rana ce. Wata sauti ce: akwai kimanin 24 masu baƙi ɗaya, kamar mujiya M, baki R, ƙafa B, akwai kuma masu ɗauke da baƙi biyu ko uku a haɗe. Alamar fatun nan ms ce, Shamfoliyon ya ɗauke ta M kawai, sai bayan rasuwarsa Bajamushe Lepsiyus ya daidaita wannan. Kashi na uku ba a furta su sam, ana sa su a ƙarshen kalma don a nuna dangin ma'anarta: ƙafafu biyu ga kalmar tafiya, mutum a zaune ga sunan namiji. In mun koma misalinmu, sai mu zana bishiyar kuka mu sa ido mai hawaye a gefe, kowa ya san ba miya ake nufi ba.

Ba sa rubuta wasali. Duk wanda ya yi babbaƙu kafin farfaru a makarantar allo ya san yadda wannan yake. Shi ya sa har yau ba a da tabbacin ainihin furucin kalmomi da yawa, kuma shi ya sa za a ga sunan sarki ɗaya an rubuta Ramsis a wani littafi, Ramesses a wani. Ana rubutawa daga dama ko daga hagu ko daga sama. Mai karatu sai ya dubi inda tsuntsaye da mutane suka fuskanta, ya fara daga can.

Wani abin da ya ba mu sha'awa: masana harsuna sun sa tsohon harshen Masar da Hausa da Larabci a babban gida ɗaya. Mutuwa a wurinsu mwt ce, Larabci maut, mu mutu. Huɗu a wurinsu fdw ce, har yau kuwa akwai Hausawan da ke cewa fuɗu. Suna liƙa k a ƙarshen suna don mallakar namiji, kamar ka ta gidanka. Wannan ba ya nufin daga Masar Hausawa suka taso. Dangantaka ce ta nesa ƙwarai, ta dubban shekaru kafin a gina dala.

Shamfoliyon ya taka ƙasar Masar sau ɗaya, daga 1828 zuwa 1829, ya bi Nilu yana karanta bango da idonsa. Ya rasu a 1832 yana da shekara 41, wansa ya buga nahawunsa bayan rasuwarsa. Masu shakka ba su yi shiru ba sai a 1866, da Lepsiyus ya samo wani dutsen mai harsuna biyu a Tanis, cikakke, aka karanta hirogilif ɗinsa da hanyar Shamfoliyon, aka gwada da Girkancin, suka dace.

Abin da aka samu a ciki ya wuce sunayen sarakuna. An karanta yarjejeniyar sulhu tsakanin Ramsis na Biyu da Hittiyawa. An karanta littattafan magani da na lissafi. Wata takarda da ke birnin Turin na Italiya ta ba da labarin ma'aikatan da ke haƙa kaburburan sarakuna, waɗanda suka ajiye aiki a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku saboda hatsin albashinsu ya makara. Akwai ma wani ɓallin dutse da ya zama rajistar masu fashin aiki, an rubuta sunan kowa da uzurinsa: wane ciwon ido, wane kunama ta harbe shi, wane mahaifiyarsa ba lafiya. Masu makara a cikinmu, ga kakanninku.

Dutsen yana Landan har yanzu, cikin gilashi. A gefensa akwai rubutu na huɗu da aka yi da fenti da Turanci, mai cewa sojan Birtaniya ne suka kama shi a Masar a 1801. A 1999 aka wanke shi, aka ga ashe ba baƙi ba ne, ruwan toka ne mai duhu da ɗan jan zare. Tun 2003 masanin tarihin Masar Zahi Hawas ke neman a mayar da shi gida, a 2022 ma 'yan Masar sun sake tara sa hannu kan haka. Mu da aka kwashe wa kayan tagullar Benin a 1897 mun san irin wannan magana. Garin Rashid dai kwafi ke gare shi.

Gwajin wannan fitowa

Ga wata ƙawanya da Shamfoliyon ya karanta a 1822, alamominta tara a jere: ungulu, zaki, kwando mai mariƙi, ƙyalle a ninke, ganyen kara ɗaya, layin igiyar ruwa, tafin hannu, baki, sakatar ƙofa. Shida daga ciki suna cikin sunaye biyun da muka warware a sama, sai dai ku lura ganyen kara ɗaya shi ne na uku a sunan Kiliyopatra. Uku sababbi ne. Mai sunan sarki ne Bagirke, akwai birni a bakin tekun Masar da ke amsa sunansa har yau. A rubuta sunan yadda Girkawa ke furta shi, da sautin kwando da igiyar ruwa da sakata, a sa suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.